Masoyan Nesa Cikin Littattafan Waya

Ko wane mai ba da labarin soyayya yana da jari guda ɗaya, wanda in ya rasa shi kasuwarsa ta tashi, watau abin da zai shiga tsakanin saurayi da budurwa. In yaro ya ga yarinya yau, iyaye suka amince gobe, aka ɗaura aure jibi, to, an yi abin arziki, amma ba a sami labari ba. Sai wani abu ya gitta, ko talauci, ko taurin kan iyaye, ko wani mai dukiya, ko doguwar hanya, sa'an nan mai karatu ya kan gyara zama. Cikin waɗannan duka babu wanda ya yi wa marubutan dā bauta kamar doguwar hanya. Yanzu kuwa ga wayar hannu ta zo ta naɗe hanyar nan kamar tabarma, yarinya tana Gusau tana jin numfashin saurayinta da ke karatu a Alƙahira. Sabo da haka ya kamata a duba yadda masu rubuta labarun Hausa na zamanin nan, musamman irin waɗanda a ke karantawa cikin waya, suka yi da wannan sabon al'amari, ko sun gane abin da ya faɗo hannunsu, ko kuwa tsohon labari su ke ta maimaitawa sun rataya masa waya a wuya.

Kafin a yanke musu hukunci sai an tuna inda aka fito. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin waɗanda aka samu daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933. Ƙaunar da ke cikinsa ta uwa da ɗa ce, amma aikin da nisa ya yi a ciki shi ne abin lura. An sace yaro, aka ƙetare hamada da shi, uwa ta bi sawu ba ta san ko yana da rai ba, har ita ma ta faɗa cikin bauta, ba su sadu ba sai da ajalinta ya kusa. Da an sami wanda zai ce wa matar nan ɗanki yana wuri kaza, lafiyarsa lau, har ya zama malami, da rabin littafin ya zube. Haka kuma Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Da mai dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, sai Abubakar ya bar gari ya shiga uwa duniya neman abin ramuwa, ba mai jin ɗuriyarsa, ƙiyayya tana ta nuna a cikinsa kamar maruru.

Marubutan nan a ƙofar gidajensu suka tsinci wannan nisa. Fatake su kan tafi Gwanja sayen goro su yi watanni ba a san halin da su ke ciki ba. Alhazan ƙafa su kan bi ta Barno da Chadi da Sudan, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, su yi shekaru kafin su komo, waɗansu kuwa ba su komo ba, jikokinsu suna can bakin kogin Nilu har yau. Sojan da aka kai ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun bar amare da 'yan matan da aka sa wa rana. Ba banza ba alƙalai suka riƙe hukuncin da littattafan fiƙihu na mazhabar Maliku suka tanada game da mijin da ya ɓace: matarsa ta kai ƙara, a bincika, in ba a ji labarinsa ba a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba.

Takarda ta rage wannan duhu, amma ba ta kore shi ba. Mai son aika wasiƙa in bai iya rubutu ba sai ya je gun mai rubuta wa mutane a bakin gidan waya, ya faɗa masa abin da ke ransa, shi kuwa ya zuba kalmomin da ya saba zuba wa kowa, a liƙa kan sarki, a jefa a akwati. Can kuma inda ta sauka sai an nemi ɗan makaranta ya karanta, asirin mutum biyu ya zama na mutum huɗu. Waɗanda suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci, tun daga farkon shekarun 1950 har zuwa azuzuwan manya na yanzu, sun san daɗin ranar da mutum ya fara buɗe ambulan ya karanta abinsa shi kaɗai. Rediyo kuma ta kawo nata. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya haɗa matasa na garuruwa dabam dabam, har da na ƙasashen maƙwabta, suna gaishe da juna da suna alhali ba su taɓa haɗuwa ba, har suka kafa ƙungiyoyi suna kai wa juna ziyara. Masu 'yan'uwa a Makka su kan ɗauki murya a kaset su ba alhaji ya kai. Da littattafan soyayya na Kano suka yawaita a shekarun 1980 da 1990, zamanin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wasiƙa ta zama kamar mutum a cikin labari. Ƙane ne ke kai ta, ko ƙawa, tana iya makara, tana iya faɗawa hannun uba, ana iya ɓoye ta ƙarƙashin matashi a yi ta karantawa har ninkinta ya yage. Marubutan lokacin sun san amfanin wannan, sun kuwa ci moriyarsa.

A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai, bayan gwamnati ta ba kamfanoni lasisi. Cikin 'yan shekaru aka shiga zamanin kiran dare, lokacin da kamfanoni suka sauƙaƙa kira bayan tsakar dare, samari da 'yan mata suka riƙa kwana da waya a kunne, da safe suna gyangyaɗi a aji. Daga nan aka yi yayin 2go, sa'an nan Facebook da WhatsApp suka mamaye. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kiran da a ke ganin fuska kuwa a 2016, watau ko wanda bai taɓa zama a aji ba yana iya aika zancensa ba tare da ɗan tsakani ba. Labarun soyayya su ma suka bi masu karatunsu suka koma cikin waya. Marubuciya, don galibinsu mata ne, ta kan rubuta 'yan shafuka kullum ta saka a zauren WhatsApp ko a Wattpad, masu karatu suna yabo suna kushe nan take, wani lokaci sai an biya 'yan kuɗi kafin a ga ci gaban labari.

Lalle akwai abin yabo a nan, ba kuwa kaɗan ba. Ga 'yan mata da matan aure suna karanta Hausa kullum don son ransu, ba mai tilasta musu. Marubuciya ba ta bukatar maɗaba'a ko dillalin littattafai na kasuwa, wadda ke Maraɗi da wadda ke Kumasi da wadda aure ya kai Jidda duk suna zaure guda. Su kansu zaurukan nan ƙawance ne na nesa, don a cikinsu a kan yi wa wadda ta haihu barka, a tara wa wadda ta shiga wahala gudunmawa, alhali ba a taɓa ganin juna ba. Abin mamaki fa shi ne, mutanen da ke zaune tsundum cikin irin wannan zumunci, in sun zo rubutu sai su kasa ba da labarinsa.

Ga yadda labarin ya kan tafi, wanda ya saba karanta su kuwa ya sha gamuwa da shi. Yarinya 'yar talakawa tana zaune sai wata baƙuwar lamba ta shigo wayarta bisa kuskure. Ta amsa da tsiwa, shi kuwa mai kiran muryarta ta tafi da hankalinsa. A yi ta kira ana kashewa, har a saba. Can sai ta bayyana ashe mutumin ɗan wani hamshaƙi ne, yana zaune a Dubai ko Landan, kyakkyawa, mai addini, bai taɓa kula ko wace mace ba sai ita. Ya hau jirgi ya zo, motoci suka cika unguwa, maƙwabta suka riƙe baki. A irin wannan labari waya ba ta yi aikin kome ba illa na tsohuwar nan ta cikin tatsuniya, wadda ke haɗa 'yar bora da ɗan sarki. Nisan da ke tsakaninsu na fatar baki ne, don mai kuɗin jirgi ba ya nesa da kowa. Saurayin da ya ke nesa da gaske shi ne ɗan ci-ranin da ke tura baro ko sayar da shayi a Legas, wanda sai ya lissafa kuɗin mota da na tsaraba kafin ya ce zai zo da Salla, in Salla ta zo lissafin bai cika ba ya kashe waya kwana uku don kunya. Ko sojan da ke bakin daga a Barno, ko yarinyar da bautar ƙasa ta kai Kalaba shekara guda. Waɗannan su ne masu riƙe da waya hannu biyu, su ne kuwa ba safai a ke ba su babban matsayi cikin labari ba.

Akwai kuma kishiyar wannan, watau labarin gargaɗi. Nan ma an san hanyar tun daga shafin farko: yarinya ta haɗu da wani a Facebook, ya yaudare ta, ta aika masa da hoton da bai kamata ba, ƙarshe nadama da kuka. Ba a musun cewa irin wannan yana faruwa. Masu damfara da sunan soyayya suna nan, hukumar EFCC tana gurfanar da su gaban kotu, an kuma yi dokar laifuffukan intanet a 2015. Amma labarin da aka san ƙarshensa tun farko wa'azi ne aka sa wa rigar labari, yarinyar da aka rubuta dominta kuwa ta kan gane haka ta tsallake. Ta san ƙawayenta da suka sami mazan kirki ta wannan hanya, sabo da haka in aka ce mata duk wanda ke cikin waya kura ne, sai ta daina gaskata sauran maganar. Masu kawo ɗan sarki da masu kawo kura kuskurensu guda, dukansu sun ɗauka abin tambaya shi ne ko mutumin can na kirki ne ko mugu. Mafi yawan masoyan nesa kuwa su biyun duka mutanen kirki ne gwargwado. Abin da ke cinsu shi ne kullum murya tana tare, jiki yana rabe, ba su kuwa san ranar da wannan hali zai ƙare ba.

A nan ne sabon jari ya ke, ga wanda ya iya gani. Waya ba ta kashe jira ba, yanka shi ta yi ƙanana ƙanana. Matar falke ta jira wata shida, amma ta san dalili, ba wanda za ta zarga sai hanya. Budurwar yanzu ta kan jira minti 40, su kuwa sun fi ɗaci, don ba ta da hanyar da za ta ɗora wa laifi. Tun 2014 WhatsApp ya sa wata 'yar alama shuɗiya mai nuna an karanta saƙo. Ta ga alamar ta fito, ta ga yana kan layi, ta ga an fara rubutu an fasa. Me ya rubuta ya goge? Da wa ya ke magana in ba da ita ba? Shi kuma can wataƙila yana buɗe saƙon maigidansa ya ƙwala masa kira, ko caji ya ƙare yana cikin rubutu, ya kai wayar gun mai caji a bakin kasuwa. Kafin ya karɓo ta an riga an yi masa shari'a an yanke hukunci. Wannan abu ne da Abubakar Imam bai samu ba a zamaninsa, da ya same shi kuwa da ya yi wasa da shi ƙwarai, don a cikinsa akwai ban dariya akwai ban tausayi. Marubutan yanzu suna da shi a tafin hannu, amma sau da yawa sai su wuce shi da jimla guda, su ce ta kira ba a ɗauka ba ranta ya ɓaci, su garzaya zuwa lissafin kayan lefe.

Inda suka tsaya bisa hirar waya kuwa, sai su kwafe ta ɗungum kamar akawun kotu yana rubuta shaida: ya ce ina kwana, ta ce lafiya lau, ya ce kin ci abinci, ta ce na ci, har shafi uku. Akawun kotu an ɗauke shi aiki ne don kada ya bar kome, marubuci kuwa aikinsa zaɓe. Cikin saƙo ɗari na masoya wataƙila guda biyu ne ke ɗauke da labari, sauran duk na riƙe igiya ne kada ta tsinke. Gwani zai nuna yadda gaisuwar da ta ke layi biyar a watan farko ta koma kalma ɗaya a wata na takwas, mai karatu ya gane da kansa abin da ke faruwa. Ga kuma sakaci wajen rubutu, wanda ya kamata a faɗa ko da za a ji haushi. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da ƙugiyar haruffa, har mai karatu ya rasa ko baki a ke nufi ko baƙi. Wanda ya sha wahala ya koyi karatu da girmansa ya cancanci a rubuta masa Hausa sosai, uzurin cewa waya ba ta da haruffan nan kuwa ya ƙare, tun da yanzu ana samunsu a allon rubutun wayoyi.

Babban abin da aka bari a baya shi ne maganar shaida. Zance a ƙasar Hausa a fili a ke yinsa. Saurayi ya kan zo ƙofar gida ko zaure da abokinsa, ya aika yaro ya yi masa sallama da yarinya, duk mai wucewa ya gan shi. Kafin magana ta yi nisa unguwa ta san ɗan gidan wane ne, ta san sana'arsa, ta san ko yana zuwa masallaci, ta san yadda ubansa ya riƙe uwarsa. In manya suka shiga sai a tura a yi bincike, aure kuma ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu. Duk wannan tsari bisa ido aka gina shi, idon mutane da yawa. Soyayyar waya kuwa ta kan yi shekara ta yi ƙarfi ba wanda ya sani sai su biyu, kuma abin da ko wannensu ya sani game da ɗan'uwansa daga bakin mai shi ya fito. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, fuskar da ke cikin waya an zaɓe ta cikin hoto ashirin, an goge ta, an ƙara mata haske. Har kalmomin ma ba lalle ne na mai aiko su ba, don tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022 saurayi yana iya sa na'ura ta tsara masa kalaman so. Watau mai rubutu na bakin gidan waya ya komo ta wata ƙofa, wannan karon kuwa yarinya ba ta san da shi ba.

Sabo da haka ranar da ta fi ko wace nauyi cikin irin wannan soyayya ita ce ranar da za a fito da ita fili. Yarinya za ta durƙusa gaban uwarta ta ce akwai wani. Uwa ta ce, ɗan wane gida ne? Ta ce mutumin Yamai ne, ko na Jos. A ina kuka haɗu? Nan fa harshe ya kan yi nauyi. Sa'an nan kawu ya ɗauki hula ya shiga mota ya tafi garin da bai san kowa ba, yana tambayar mai kanti da limamin unguwa halin yaron da 'yarsu ta ce ta san shi fiye da kowa. Wataƙila ya tarar duk abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, sai abu guda da bai faɗa ba, ba kuwa don mugunta ba, don dai ba a tambaye shi ba. Ga kuma saduwar farko, inda mutum biyu da suka yi shekara suna hira har asuba za su zauna a zaure su rasa abin cewa, ita tana ganin bai kai tsawon da ta zata ba, shi yana jin muryar da ya sani tana fitowa daga bakin baƙuwa. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Marubucin da ya ba wannan rana babi uku bai yi ɓarna ba, amma galibi a kan gama da ita cikin rabin shafi, kowa ya ga kowa ya yi masa, sai biki.

Abota ta fi soyayya shan wulakanci cikin littattafan nan. Ƙawa a ciki aikinta biyu ne, ko ta ba da shawara, ko ta saci lambar saurayi ta ci amana. Alhali ƙawance a wurin Hausawa abu ne mai ƙa'ida. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyauta, in bikin ɗaya ya tashi ɗayar ta kawo gudunmawa, in nata ya zo a rama mata. Namiji kuma yana da babban aboki wanda ke tsaya masa ranar aure. Irin wannan abota da sawu a ke yinta da aljihu, shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa ta ke. Yanzu a ɗauka ga samari sun gama makaranta tare, aiki ya warwatsa su, suna da zaure a waya inda su ke raha kullum dare. Ran nan mahaifin ɗayansu ya rasu. Cikin minti goma saƙon ta'aziyya ya cika zaure, da yawa kwafe shi aka yi daga na sama. Ranar sadakar uku ya duba tabarma ya ga mutum biyu daga cikinsu, ɗaya ma bai cika magana a zauren ba. Shin sauran ba abokai ba ne? Ba za a ce haka ba. Wani yana Fatakwal, wani ba a ba shi izni a wurin aiki ba, wani ya turo kuɗi ta banki har abin da ya fi ƙarfinsa. Amma wanda aka yi wa rasuwa ba zai mance da wanda ya zauna kusa da shi ba, shi da kansa kuwa zai ji kunyar wannan bambanci da zuciyarsa ta yi. Ga labari nan cikakke, babu kura a ciki, babu ɗan sarki.

Har wa yau zamanin nan ya ba marubuta irin abin da Tafawa Ɓalewa ya yi aiki da shi, watau ranar da labari ya yanke ɗif. A watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka rufe layukan waya a jihar Zamfara sabo da yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka ƙara da waɗansu yankuna na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa garuruwan maƙwabta don su sami inda za su buga waya, waɗansu suka koma ba direbobi takarda. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, ɗaliban Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, suka maƙale, aka kwaso waɗansu a manyan motoci ta iyakar Masar, iyaye da masoya a gida suna riƙe da waya suna jiran ta yi motsi. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar cikin Yuli na wannan shekara kuwa aka rufe iyaka har Maris na 2024, ya zama mutumin Katsina yana jin muryar budurwarsa ta Maraɗi kullum, amma kai mata goro ya zama aiki. A duba yarinyar Gusau ɗin nan da ta saba da saƙo ɗari a yini, ran nan ta wayi gari wayarta ta zama ƙarfe kawai. Me ta gane game da saurayinta a sati na uku? Ta zauna ta rubuta wasiƙa, to, wa za ta ba, ta ce a kai ina, tun da lambarsa ce ta haddace, ba ta taɓa tambayar sunan unguwarsu ba?